Kusurwar Arlo Vondra

Duk wanda ya taɓa karya kumallo a shagon Twila da ke garin Halvard ya san Arlo Vondra, in bai san sunansa ba ya san muryarsa. Shi ne tsohon nan mai jar hula da ke zama a teburin bakin taga, yana ƙwanƙwasa cokali a jikin kofi duk lokacin da yake so a yi shiru a saurare shi. Ya ba saba'in baya. Aikin awon masara ya yi a rumbun gari tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, kuma can ya samo halin da ya bi shi har tsufa, wato ƙin yarda da duk abin da bai auna ba. In ka ce masa yau ana sanyi, sai ya tambaye ka sanyi nawa.

Abu ɗaya Arlo ya nema a duniya bai samu ba. Ba gona ba ce, don ya ga yadda gona ta tsotse mahaifinsa ta yar. So yake, ko sau ɗaya ne, mutanen Halvard su tura shi taron jam'iyya na gunduma a matsayin wakilinsu, a rataya masa kati a wuya, in ya ɗaga hannu a ba shi magana. Wani zai ce wannan wane irin buri ne, aikin da ko kuɗin mai ba a biyan mutum. To, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A nan jihar Iowa, in lokacin fid da ɗan takarar shugaban ƙasa ya zo, 'yan jam'iyyarsu Arlo ba sa jefa ƙuri'a a ɓoye. Haɗuwa ake yi da yamma a zauren wasanni na makaranta, a tsakiyar hunturu, kowa ya je ya tsaya a kusurwar wanda yake so, maƙwabcinsa na kallonsa. Kusurwar da ta kasa tara kashi goma sha biyar cikin ɗari na mutanen da ke zauren, sai a rushe ta, mutanenta su koma wata ko su kama hanyar gida. Wadda ta tsira ita ke tura wakili. Tun da Arlo ya fara zuwa wannan taro bai taɓa tsayawa a kusurwar da ta tsira ba. Allah ya ba shi hanci na shinshino ɗan takarar da ya fi kowa gaskiya kuma ya fi kowa rashin jama'a. Matarsa Marlys, wadda ta yi ritaya daga ɗakin girkin makarantar, duk shekarun nan tana tsaye a gefensa riƙe da rigar sanyinsa, ana rushe su tare. Ba ta taɓa cewa uffan ba, iyaka dai in ranar ta zo takan nemi takalmi mai taushi ta sa.

Bana kuwa ita ce ta ƙarshe, shi ma ya sani. 'Yarsu Jolene da ke Arizona ta gama shawo kansu, an riga an tsayar da magana cewa da an cire masara za su sayar da gida su koma kusa da ita, inda rana za ta riƙa gasa masa gwiwa. A can ƙuri'a a ambulan ake sa ta a kai gidan waya. Arlo ya ce wannan zaɓen majinyata ne.

'Yan takara uku ne suka rage a bakin jama'a, kuma a teburin Twila ba wanda ke wahalar kiran sunayensu. Akwai Gwamna, akwai Sanata, sai Alƙali, wani dattijo mai magana a hankali kamar yana tsoron tada jariri. Ba sai an gaya maka wanda Arlo ya ɗauka ba. Delbert Kruse, mai kiwon aladu, abokin gardamarsa tun suna aji ɗaya, shi ne uban tafiyar Gwamna a garin. Twila kuma ta liƙa hoton Sanata a jikin tukunyar kofi.

Tun kafin ganye ya gama zuba suke abu ɗaya kullum safiya. Delbert ya ce an gama tsere tun ba a fara ba, Gwamna zai lashe Iowa, ya gangara kudu ya kwashe, sauran su yi ta bin ƙurarsa. Arlo sai ya jawo ƙullin sukari da kwalaben gishiri ya jera a tebur, wannan jiha kaza, waccan jiha kaza, yana nuna cewa wakilai raba su ake yi gwargwadon ƙuri'a, ba a ba mutum ɗaya duka. Gwamna da Sanata za su yi ta cin dunduniyar juna, ba wanda zai kai rabi, ranar babban taro na ƙasa kuwa dole su zo su durƙusa gaban mai 'yan wakilai kaɗan a hannu. Saboda haka, in ji shi, ko wakili ɗaya daga Halvard ba abin wasa ba ne.

"Malam Lissafi," in ji Delbert, "wannan Alƙalin naka fa, ko matarsa sai an lallashe ta za ta tsaya masa."

"Kai alade ka sani, ba ka san wakili ba. Gwamnanka buhu ne ba masara, iska ce ta tsayar da shi."

"To a bar mu da iskarmu. Miƙo mini jihar Texas in zuba a kofi."

Da a kan Delbert kaɗai bakin Arlo ya tsaya, da da sauƙi, don Delbert fatarsa ta yi kauri. Amma wata safiya Twila ta sa baki ta ce kada a manta da mata da malaman makaranta, suna bayan Sanata. Arlo ko ɗaga kai bai yi ba ya ce tafiyar Sanata gawa ce da ba a kai ga binnewa ba, kuma ya faɗi haka shagon cike da mutane. Twila ta ɗauki tukunyar kofi ta wuce. Daga ranar dai sai ya ɗaga kofinsa sau biyu kafin a ƙara masa, shi kuwa bai ma lura ba.

A gaskiya ya yi wahala a kan Alƙalin nan. Gida-gida ya bi cikin dusar ƙanƙara da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, wasu su ba shi kofi, wasu su leƙo ta labule su yi kamar ba sa nan. Da ƙyar ya haɗa mutum tara, har da shi da Marlys. Ya san Halvard kamar yunwar cikinsa, ya san in sanyi ya yi tsanani taron ba zai wuce mutum sittin ba, kuma tara cikin sittin shi ne daidai abin da ake nema. Sai dai wanda ya yi aikin awo ba ya son tsayawa daidai bakin layi. Abin ya yi ta cin sa, har ya tuna da gidan kula da tsofaffi da ke bayan coci, inda akwai mutum huɗu 'yan jam'iyya da suka daina zuwa taro saboda rashin mai kai su. Ɗaya daga ciki ita ce Hulda Brekke, ƙawar marigayiya mahaifiyarsa, wadda har yau ɗana take ce masa.

Marlys ta ce ya fara tambayarsu wa suke so. Ya ce ba a haka. Kuma gaskiyarsa ne, a Halvard in ka ɗauki mutum a mota ranar taro, abin kunya ne ka tambaye shi kusurwarsa, kamar ka ba baƙo abinci ne ka tsaya kana ƙirga lomarsa. Ban da haka, wa ke share musu ƙanƙarar bakin ƙofa duk hunturu in ba shi ba? A ransa ya riga ya gama, wanda ya hau motarka naka ne. Marlys ta ci gaba da ninke kayan wanki.

Ranar taro ya aro motar coci mai dogon baya. Shi ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya lulluɓe musu ƙafa da bargo, ya loda sandunan dogarawarsu, ya tuƙa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Da suka isa makaranta ya zaunar da su a bakin ƙofa, ya wuce kusurwarsa ƙarƙashin ragar ƙwallon kwando inda mutanensa ke jira. Duk sun zo, ba wanda ya saɓa. Rabon da Arlo ya ji daɗi irin na wannan lokacin har ya manta.

Ƙarfe bakwai Opal Strand, tsohuwar malamar lissafi da ke shugabantar taron, ta sa aka rufe ƙofa, ta bi layi tana taɓa kafaɗar kowa. Ta dawo tsakiya ta ce mutum sittin da huɗu ne, don haka kowace kusurwa sai ta tara goma. Arlo bai damu ba, tara da huɗu ai goma sha uku ne. Ta ce kowa ya nemi wurinsa.

Yana tsaye yana murmushi ya ga tsofaffinsa sun miƙe. Hulda ce a gaba, sauran na biye, sanduna na ƙwas-ƙwas a kan katako. Suka taho har tsakiyar zaure, ya ɗaga musu hannu, sai suka karkata hagu. A can kusurwar Gwamna matar Delbert ta jera kujeru masu matashi da farantin biskit. Ashe tun lokacin kaka Gwamna ya biya ta gidan tsofaffin, ya zauna ya ci kek da su, ya tambayi kowa sunan jikokinsa. Hulda ta waiwayo ta ce masa Allah ya yi albarka, motar akwai ɗumi, ta wuce.

Aka ƙirga. Gwamna talatin da uku, Sanata ashirin da biyu, Alƙali tara. Arlo bai buƙaci kowa ya fassara masa ba, tun kafin Opal ta rufe baki ya gane abin da ya yi. Da ya bar tsofaffin nan suna kallon talabijin ɗinsu, da zauren sittin ne, da taransa sun isa. Shi da hannunsa, da man motar coci, ya ɗaga katangar da ya kasa tsallakewa. Garin neman gira ya rasa ido. Abin da ya fi ƙona masa rai, Delbert ma ya gano, don Arlo ya hango shi yana ƙirga yatsu, sai ya toshe baki da hula kafaɗunsa na rawa.

Opal ta ba da rabin sa'a a yi ciniki. Mutum ɗaya tak Arlo ke nema, kuma a irin wannan dare ba baƙon abu ba ne kusurwa mai rara ta ba ƙarama aron mutum, musamman in hakan zai rage wa babbar abokiyar hamayya. Ya ja ƙafa ya nufi wajen Twila. Ya yi mata bayani dalla-dalla, cewa ko ta ba shi ɗaya wakilanta ba za su ragu ba, Gwamna ne zai yi asara. Lissafin daidai ne, ita ma ta san daidai ne. Ta bari ya gama tsaf.

"Arlo," ta ce, "gawa ba ta ba da aro."

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ya san ko ya ba da haƙuri yanzu ba wanda zai ɗauka don Allah ya yi. Ya juya wajen Hulda, ya sunkuya da gwiwar nan tasa ya roƙe ta a kunne. Ta shafa masa kumatu ta ce ai ta riga ta ba yaron nan Gwamna alkawari, kuma ita ba a san ta da magana biyu ba. Ta miƙa masa biskit.

A nan ne Delbert ya jawo hannun rigarsa zuwa bayan bencin 'yan kallo. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce su bar wasa, ya san abin da Arlo ke so, ya kuma san bana ce ta ƙarshe. In Arlo ya tsallako da mutanensa, kusurwar Gwamna za ta ƙaru da wakili ɗaya, kuma wannan kujerar tasa ce, shi Delbert da bakinsa zai kira sunansa.

"In je gunduma in tsaya a matsayin mutumin buhun iska?"

"Ka je gunduma da kati a wuya, tsohon banza. Wa zai tambaye ka abin da ka faɗa a shagon Twila?"

"Ni zan tambayi kaina."

"To ka tambayi kanka a Arizona. Shekara nawa kana jiran wannan? Ga shi a tafin hannunka."

Arlo ya so abin nan, kada wani ya ce bai so ba. Har ya ji nauyin igiyar katin a bayan wuyansa. Tsakaninsa da kusurwar Gwamna bai fi faɗin ɗaki ba. Amma da ya leƙa sai ya ga duk 'yan teburin safe sun zuba masa ido, mutanen da ya shafe hunturu yana jera wa sukari da gishiri, yana rantse musu cewa Gwamna ba komai a cikinsa. In ya taka wannan katakon, gobe da wane baki zai ƙwanƙwasa cokali? Kuma ban da idon mutane, shi fa da gaske ya yarda da Alƙalin, wannan ita ce masifar. Ya ce wa Delbert gara ya koma gida hannu rabbana. Delbert ya yi tsaki ya ce tun suna yara kansa dutse ne, ya tafi.

Mutanensa suka fara zamewa. Kowa sai ya zo ya dafa shi ya ce ya yi haƙuri, wasu suka nufi Twila, wasu Delbert, biyu suka sa huluna suka fice. Ya rage daga shi sai Marlys a ƙarƙashin raga. Opal ta ce saura kaɗan lokaci ya cika. Sai Marlys ta miƙa masa rigar sanyinsa.

"Baban yara, ni zan tsallaka."

Ya dube ta kamar bai gane yaren ba.

"Tun ina amarya ake ƙirga ni ana sharewa. Ban taɓa ce maka komai ba. Yau dai ina so in ji yadda ake ji in an ƙirga mutum ya zauna."

Ba ta jira amsa ba. Ta taka a hankali da takalminta mai taushi ta shiga kusurwar Gwamna, aka yi mata tafi. Da so samu ne da Arlo ya fice ya buga ƙofa, amma ina, shi ya kawo tsofaffi, shi zai mayar da su. Dole ya hau bencin 'yan kallo ya zauna da riga a cinya, yana kallo aka sake ƙirga, aka raba wakilai, kowace kusurwa ta shiga zaɓen waɗanda za ta tura.

Ko tausayi ne ko tsokana, har yau ba wanda ya san abin da ke ran Delbert, amma da aka zo kan kujera ta ƙarshe sai ya kira sunan Marlys Vondra. Rabin mutanen da ke wurin ita ta zuba musu abinci suna yara, ta san wanda ba ya cin wake da wanda ke zuwa makaranta ba karin kumallo. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya. Ta waiwayo ta nemi idon mijinta, shi kuwa ya ga wani abu mai muhimmanci a kan takalminsa. Ta ce ta karɓa. A hanyar komawa tsofaffin suka yi ta hira, sun ce rabon da su ji daɗin fita irin wannan tun bikin jikar wani, suka roƙe shi in an sake yi ya zo ya ɗauke su.

Ya daɗe bai leƙa shagon Twila ba. Alƙali ya ƙara gwada jiha biyu ya ga ba ci, ya janye cikin ladabi kamar yadda ya shigo. Gwamna da Sanata kuwa suka kama cin dunduniyar juna, yau wannan ya wuce da wakilai kaɗan, gobe wancan ya kamo shi, har masu sharhi a talabijin suka fara cewa ƙananan tarukan gunduma ma a sa musu ido. Rabin abin da Arlo ya faɗa ya tabbata, amma ba wanda ya zo ya ce masa ashe ka yi gaskiya. Wayar gidan ta koma ringi safe da yamma. Ya ɗauka, muryar wani yaro mai ladabi daga ofishin kamfen ta ce ko Misis Vondra na kusa. Sai ya ce tana zuwa, ya ajiye kan wayar a tebur da ƙarfin da ya wuce buƙata.

Marlys ta ga yadda abin ke cin sa. Wata rana suna cin abinci ta ce ko za ta ce ba ta da lafiya ne ya je a madadinta. Ya ce ba ya yiwuwa, mai maye gurbi sai wanda ya tsaya a kusurwar Gwamna a daren, shi kuwa a benci yake. Shi ya san dokar, shi ya karanta wa kansa hukunci. Abin da ya rage masa sai koyarwa. Kullum bayan cin abinci ya jawo gishiri da barkono ya nuna mata yadda ake sake raba wakilai a gunduma in wani ɗan takara ya janye, da inda ake yawan yin kuskure, da abin da za ta ce in ta ga an karkace. Tana saurare tana goge tebur, wani lokaci ta ɗauke jiha guda ta mayar kabad.

Ranar taron gunduma ta faɗo wata Asabar, ƙanƙara ta fara narkewa hanya duk caɓi. Marlys ba ta tuƙi a babbar hanya, saboda haka shi ya kai ta. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, shi ma bai san dalili ba. A bakin ƙofar zauren wata mata ta duba suna ta rataya wa Marlys kati, ta dubi Arlo ta nuna masa kujerun baya, inda aka ja igiya aka ware wa baƙi. Maƙwabtan zamansa su ne wata mai saƙa da wani da ya yi barci tun kafin a buɗe taro.

Kafin azahar abin da ya yi ta faɗa ya faru. 'Yan wakilan da Alƙali ya samu a wasu garuruwa ba su kai adadi ba, aka rasa yadda za a yi da su, mutanen Gwamna na ja, mutanen Sanata na ja. Wani ya tashi ya kawo doka ta shekarun baya da aka riga aka canja. Wani ya gyara masa da wadda ta fi ta farko kuskure. Shugaban taron, wani mai sayar da inshora da ke gumi cikin kwat, sai juya takardu yake yi. Arlo ya riƙe igiya, ya saki, ya sake riƙewa. Wannan fa ita ce maganar da ya kwana da ita ya tashi da ita tsawon rayuwarsa, ga ta ana yi mata kisan mummuƙe a gabansa. Bai san lokacin da ya miƙe ya ɗaga hannu ba.

Shugaban ya hango shi, da alama ma ya ji daɗin ganin sabuwar fuska. "Wakilin wane gari?"

"Halvard."

"Ina katinka, baba?"

Kawuna suka juyo. Arlo ya taɓa ƙirjinsa inda ba komai sai maɓalli.

"Na kawo wakiliya ne," ya ce.

"To a yi haƙuri a zauna. Baƙi ba sa magana."

Ya zauna. Mai saƙa ta matsar da zarenta don ya samu wuri. Can sai ya ga hannun Marlys ya tashi a layi na uku. Aka miƙa mata abin magana. Ta miƙe, ta waiwayo ta dube shi, shi kuma yana motsa leɓe yana tuna mata farkon maganar. Ta yi ta juya abin maganar a hannu har aka fara tari. Sannan ta ce ita dai a ganinta mutane yunwa suke ji, kuma ba ta taɓa ganin an sasanta komai da cikin wofi ba, tana ba da shawara a tashi a ci abinci tukuna. Wani ya ce ya goyi baya. Aka amince baki ɗaya har da tafi, karo na farko ke nan da zauren ya yarda da abu ɗaya tun safe.

Abincin na masu kati ne. Arlo na nan zaune bayan igiya sai ga ta tafe da faranti, biredi da nama da ɗan salak ɗin dankali. Ta ɗaga igiyar ta sunkuya ta shigo, ta zauna kusa da shi, ta raba biredin biyu. Ta ce tana miƙewa duk abin da ya koya mata ya gudu, ba ta ga komai ba sai fuskoki.

Ya so ya yi faɗa. Ya duba ko'ina a ransa ya rasa wanda zai yi wa. Ba Twila ba, ba Delbert ba, ba Hulda ba, balle wannan matar da ta tsaya masa tun tana amarya. Takaicin da ba shi da mai shi ya fi kowane ciwo.

"Kai ya kamata ka tsaya a can, Arlo," ta ce. "Da ka tsallako."

"Na sani."

"In an dawo za su sake kiran masu magana. Gaya mini kuma, a hankali, ko zan riƙe."

Ya duba gefe da gefe, ba gishiri ba barkono. Ya gutsuri biredinsa gida uku ya jera a gefen faranti, ya ce mata wannan Gwamna ne, wannan Sanata, wannan ƙaramin kuma mutanen da ba su da kowa. Ta gyara katin da ke wuyanta don kada ya shiga cikin salak, ta matso kusa.